Mun yafe mata, to sai mu sake ba ta jakar kuɗi?

Tambaya: Ni ce shugabar zumuntar mata a ikilisiyarmu. Ma'ajinmu ta taɓa kuɗin asusu, ta tuba a gaban dattawa, ta biya rabi. Wasu sun ce a mayar mata da aikinta, don 1 Korintiyawa 13:7 ta ce ƙauna tana gaskata kome. Wasu kuma sun buɗe Irmiya 17:5, inda aka la'anci mai dogara ga mutum. Ashe ayoyin ba su saɓa wa juna ba? (Wata uwa daga Kafanchan)

Amsa: Mama, sannu da ɗawainiya. Ayoyin ba su saɓa ba, kowacce da abin da take magana a kai.

Irmiya ya yi wa'azi ne sa'ad da Babila ta taso wa Yahuza, sarakuna suka zuba ido ga Masar ta cece su. A sura 37 sojojin Fir'auna sun fito, Babilawa suka janye na ɗan lokaci, sai Masar ta koma gida ta bar su. Urushalima ta faɗi wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Ki karanta Irmiya 17:5 ɗin har ƙarshe: wanda aka la'anta shi ne wanda zuciyarsa ta rabu da Ubangiji, ya sa mutum a matsayin mai cetonsa. Naɗa ma'aji bai shiga nan ba.

Ita kuwa ayar Korintiyawa, zato take gyarawa: kada a yi saurin zargin ɗan'uwa, kada a fid da rai daga gare shi. Bulus ɗin da ya rubuta ta, da aka tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauka shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8:18-21 ikilisiyoyi sun zaɓi wanda zai raka shi, don kada wani ya sami abin faɗa.

Amma wurin da muka fi so ki duba shi ne Ezra sura 8. Ezra, wanda ya jagoranci Yahudawa masu komawa Urushalima daga Babila, ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya, domin ya riga ya ce Allah zai kiyaye su a hanya. Shi ɗin ne kuma, a bakin kogin Ahawa, ya auna azurfa da zinariya ya danƙa wa firistocin da ya keɓe. Da suka isa Urushalima aka sake aunawa, aka rubuta. Ba wanda ya ce masa ya raina firistoci ko bangaskiyarsa ta gaza.

Shawararmu: gafara a ba ta yanzu, a daina tsegumi. Jaka kuwa a dakata. A rubuta sauran bashin da abin da za ta iya biya kowane wata, dattijo ɗaya ya sa hannu. A ba ta aikin da babu kuɗi a ciki, kamar ziyarar marasa lafiya. 1 Timoti 3:10 ta ce a gwada mutum tukuna. Yohanna Markus ma ya gudu daga aiki har Bulus da Barnaba suka rabu a kansa, daga baya Bulus ya ce a kawo shi, yana da amfani (2 Timoti 4:11).

Sai ku gyara tsarin, don galibi nan ɓarakar take. Mutum biyu su ƙirga baiko nan take, su sa hannu a littafi. Kuɗi ya shiga banki cikin makon, kada ya kwana a ɗakin kowa, domin daga "bari in ranta, in mayar ran kasuwa" ake farawa. Masu sa hannu a banki su zama uku, ba a cire ko sisi sai biyu sun sa. Mai riƙe littafi dabam, mai kai kuɗi dabam, a kuma karanta lissafi a gaban mata kowane wata.

Idan kuka yi gaggawar mayar da ita, kun tura ta cikin jarabar da ta kā da ita, mata kuma ba za su yi musu ba, sai dai ki ga baiko yana raguwa. In ta gama biya, a kawo sunanta gaban zumunta a yi zaɓe, bisa ƙa'idar da za ta hau kan kowa, har da ke.