Amsa: Me ya sa komai bai koma daidai ba bayan Flashpoint?

Ɗan'uwa na Samaru, ka tambayi dalilin da ya sa Barry, jarumin shirin talabijin na The Flash, ya gyara kuskurensa amma rayuwa ba ta dawo yadda take ba. A The Flash, zango na 3 (2016), bayan ya koma baya a lokaci ya ceci mahaifiyarsa Nora, abin da ya haifar da sabuwar rayuwar da ake kira Flashpoint, dole ya bar maƙiyinsa Thawne ya sake kashe ta. Matsalar ita ce kowace komawa baya tana barin tabo. Jay Garrick, wani Flash daga wata duniya, ya nuna masa da fasasshen kofi: ko an liƙe, tsagar tana nan. Shi ya sa Dante, yayan Cisco abokin Barry, ya mutu, 'yar Diggle, wani abokin nasa, ta koma namiji, Iris masoyiyar Barry kuma ta daina magana da babanta. Na Cisco ya fi taɓa ni, domin ba ruwansa.