Tambayoyinku: Saka Jari a Fili da Gida a Legas

Wasiƙun wannan makon duk kan harkar filaye da gidajen haya ne a Ikko. Lauya da safiyo (mai awon filaye) da mai ƙiyasin kuɗin gini ne suka zauna suka amsa. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma cire sunaye.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12, na tara naira miliyan 6. Wani kamfani yana tallan filaye a Ibeju-Lekki, wai kusa da matatar Dangote, ana biya kaɗan-kaɗan. Da na nemi takarda sai suka ce gwamnati na kan hanyar sakar musu filin. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. "Ana kan hanya" ba takarda ba ce.

Ga asalin maganar. Tun da aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke saye shi ne izinin zama a kai, shi ya sa ake rubuta shekara 99 a takardar shaidar mallaka, wadda aka fi sani da si-of-o. Bayan wannan kuma, gwamnatin Legas ta daɗe da karɓe manyan yankuna daga Lekki har zuwa Epe. Ƙauyukan da ke wurin sukan nemi a yanke musu wani yanki a bar musu. Wannan yankewar ce dillalai ke kira eksishon, kuma ba ta tabbata sai an buga ta a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, da sunan ƙauyen da girman filin da iyakokinsa. Kafin a buga, filin na gwamnati ne. Ko an amince ma, ba lalle a ba ƙauyen duk abin da ya nema ba, fulotinka yana iya faɗawa wajen layi.

Filin da gwamnati ta karɓe iri biyu ne. Akwai wanda aka riga aka ware wa wani aiki, kamar hanya ko magudanar ruwa ko masana'anta. Wannan ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, domin ranar da aiki ya iso katafila ce za ta yi magana. Waɗanda suka ga rusau ɗin da aka yi a 2024 saboda titin gaɓar teku na Legas zuwa Kalaba sun san haka. Akwai kuma wanda aka karɓe ba a ware masa komai ba. Shi ana iya neman gwamnati ta halatta wa mutum, amma da biyan kuɗi, wato kamar ka sayi fili sau biyu ke nan.

Abin da za ka yi: ɗauki safiyonka mai rajista, ba na kamfanin ba. Ku je har kan fulotin da za a ba ka, ya ɗauki lambobin kusurwoyinsa da na'ura, ya kai ofishin Babban Safiyo na jiha da ke Alausa a Ikeja a ɗora su a kan taswirar gwamnati. Nan za a gane ko filin sakakke ne ko karɓaɓɓe. Kada ka dogara da lambobin da ke jikin taswirar da suka miƙo maka, domin tsohuwar dabara ce a nuna takardar wani wuri mai lafiya a sayar da wani daban. Sai lauyanka ya bincika a ofishin rajistar filaye ko sunan wa ke kan takardar, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai shari'a a kai. A duba rajistar kamfanin a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a duba ko yana da rajista da LASRERA, hukumar da ke kula da masu harkar gidaje a Legas.

In duk wannan ya yi kyau, saura yarjejeniya. Ta faɗi lambar fulotin, da girmansa, da ranar da za a nuna maka shi a kafa turakun siminti, da abin da za a mayar maka in ka kasa ƙarasa biya. A rubuta duk kuɗin da ke biyo baya, na awo da na takarda da na raya unguwa, domin a nan ne fili mai araha yake komawa mai tsada.

Kuma ka je wurin a watan Yuni ko Yuli. Wannan yankin fadama ce da yashi. Filin da ka gani fes da rani yana iya zama tafki da damina, kuma kuɗin ciko da na fandisho mai shimfiɗar kankare, ko mai turakun da ake kafawa can ƙasa, sukan wuce kuɗin filin kansa. Abu na ƙarshe, fili ba albasa ba ne da za ka karya farashi ka sayar kafin la'asar. In miliyan 6 ɗin nan su ne jarin kasuwarka, kada ka binne su.

Tambaya: Ni direban tirela ne a Apapa. Na sayi fili a Ikorodu hannun wani ɗan gidan masu ƙasa, ya ba ni rasit. Da na kai bulo sai wasu matasa suka hana saukewa, wai su ma 'yan gidan ne, ba su san da cinikin ba.

Amsa: Malam, ka gamu da omo onile, wato 'ya'yan masu ƙasa. Amma kafin mu ɗora musu laifi duka, akwai ɓaraka a cinikinka. A al'adar Yarabawa, kuma kotuna suna bin ta, filin gado na dangi ne gaba ɗaya. Ba ya sayuwa sai shugaban dangi, wanda suke kira olori ebi, ya sa hannu tare da manyan wakilan rassan gidan. In wani ɗan gida ya sayar ba da shugaban ba, cinikin bai ƙullu ba tun farko. In shugaban ne ya sayar shi kaɗai a madadin dangi, sauran suna iya zuwa kotu a warware. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada ka ba matasan nan kuɗi a bakin fili. Ka ba na yau, gobe wasu za su zo da kuɗin fandisho, jibi na zuba kankaren sama, gata na kwano. Sa lauya ya nemo ainihin shugaban dangin, a zauna, a rubuta takardar miƙa mallaka da su duka za su sa hannu a gaban shaidu, da hotunansu, kuma duk biya ya bi ta banki. Wataƙila sai ka yi ƙari, amma ƙarin da ya zo da sa hannu ya fi asarar filin. Daga nan a yi awo da sunanka, a ajiye kwafi a ofishin Babban Safiyo, a shiga neman takardar gwamnati, ka kuma zagaye da katanga da wuri. Fili a buɗe a Legas gayyatar mai saye na biyu ne. In bayan haka wani ya zo da barazana, akwai dokar kare kadarori ta 2016 da ta haramta shiga fili da ƙarfi da karɓar irin waɗannan kuɗaɗe, akwai kuma kwamiti na musamman a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha da ake kai wa ƙorafi a rubuce.

Tambaya: Nawa ne girman fuloti a nan? Na ji ya bambanta da na gida.

Amsa: Ya bambanta. A Arewa an fi sabawa da ƙafa 50 da 100. A Legas cikakken fuloti ƙafa 60 da 120 ne, ana lissafa shida a eka ɗaya. Amma kamfanoni da yawa suna yanka murabba'in mita 500 ko 450 su kira shi fuloti. Ka yi ciniki da murabba'in mita, a rubuta adadin a takarda.

Tambaya: Ni bazawara ce a Agege, na samu gadon mijina. 'Yan'uwa sun ce in sayi ginannen gida in zuba 'yan haya, wai ba a asara. Gaskiya ne?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigida. Ana asara, sai dai takan zo a hankali. Ɗauki biro mu yi misali, lambobin na kwatance ne kawai. Gida mai sassa huɗu a kan miliyan 60, kowane sashe miliyan 1.5 a shekara, haya miliyan 6 ke nan. Dillali zai tsaya a nan ya ce cikin shekara 10 kin mayar da kuɗinki. Amma ƙara la'adarsa, da kuɗin lauya, da na neman amincewar gwamna, da gyaran farko, a ce gidan ya tsaya miki miliyan 68. Sannan cire harajin gida na shekara-shekara da Legas ke karɓa, da kwasar sokawe, da gyaran famfon burtsatse, da fenti, da sashen da zai zauna wata uku babu kowa. In miliyan 4.5 suka rage, shekara 15 ce. A ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, haya ita kaɗai ba ta isa ba, rabin ribar tana cikin tashin darajar wurin. Shi ya sa unguwa ta fi fenti muhimmanci. Agege ma tana kan layin jirgin ƙasa ja da aka ƙaddamar a 2024 tsakanin Agbado da Oyingbo, gidan da ake zuwa tasha a ƙafa ba ya rasa mai nema.

Kafin ki biya, abu uku. In gidan yana da si-of-o da sunan mai sayarwa, cinikinku ba ya cika a idon doka sai da amincewar gwamna, kada ki karɓi takardarsa ki ajiye a akwati ki ce an gama. In mai gidan ya rasu, sai magada sun nuna takardar kotu da ta ba su ikon kula da gadon, kuma duk waɗanda aka ambata a ciki su sa hannu. Na uku, a nuna miki izinin gini, ki kuma kawo injiniya ya duba ginshiƙai da tsagewar bango da nisan ginin daga kwata. Sabon fenti a tsohon gida abin tambaya ne.

Ki san dokar haya ta 2011 tun yanzu. A unguwa irin Agege ba a karɓar fiye da hayar shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. In yarjejeniya ba ta faɗi wani wa'adi ba, mai biyan shekara sai an ba shi notis na wata shida, mai biyan wata kuma wata ɗaya, sai na kwana bakwai, sannan kotu. Cire masa kwano ko ƙofa laifi ne da zai juyo kanki. Saboda haka gara ki sayi gida babu kowa a ciki, a rubuta cewa ba za ki cika kuɗi ba sai an miƙa makullai.

Tambaya: Mu biyar ne a kasuwar Alaba Rago muke adashi. Muna so mu haɗa mu sayi fili, ba ma son bashin ruwa.

Amsa: Shawara ce mai kyau, in an rubuta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa sunan babban cikinku shi kaɗai saboda kunya. Ranar da ya faɗi ya mutu, filin ya shiga gadonsa, ku kuma sai rantsuwa. Ko dai sunayenku biyar su fito a takarda da kason kowa, ko ku yi rajistar kamfani ya saya da sunansa. A rubuta yadda za a yi wa kason mai son fita kuɗi, da wanda zai fara tayawa, da yadda za a yi da wanda ya kasa biyan kuɗin katanga. In kuna neman ciko, bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, suna aiki da murabaha (banki ya saya ya sayar muku da riba sananniya) da ijara (haya) da musharaka (haɗin gwiwa). Amma su ma ba za su kalli fili marar takardar gwamnati ba.

Tambaya: Akwai zakka a filin da na saya ina jiran ya yi tsada?

Amsa: A mazhabar Malikiyya, wanda ya sayi kaya da niyyar kasuwanci ya ajiye yana jiran farashi zai fitar da zakkar shekara ɗaya, kashi 2.5 cikin 100, lokacin da ya sayar, in kuɗin sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Gidan haya kuwa ba a fitar wa ginin zakka, sai kuɗin hayar da suka taru suka kai nisabi suka shekara a hannu. In akwai bashi a kanka ko kason wasu a cikin filin, kai wa malaminku lissafin dalla-dalla ya raba maka.