Biya daidai, amfani ba daidai ba

Wani ɗan kasuwa ya rubuto mini cewa: "Mu goma sha biyu ne muka haɗa kai muka kama sito guda da motar ɗaukar kaya. Duk wata kowa yana zuba kuɗi daidai da na ɗan'uwansa. Amma mutum uku masu ƙarfin jari sun cika fiye da rabin siton, motar ma kusan kullum kayansu take ja. Da na ta da maganar a taro, sai aka daina kirana zama, wasu ko gaisuwata ba sa amsawa. In fita ne, ko in ja bakina in yi shiru?"

Ɗan'uwa, kada ka fita tukuna, kuma shirun ma ba naka ba ne. Mu fara da lissafi. Mutum uku cikin sha biyu suna biyan rubu'in kuɗin, suna cin fiye da rabin wurin. Ku taran nan kuna biyan kashi uku cikin huɗu, kuna cunkushe a abin da ya rage. Wato duk wata kuna tallafa wa waɗanda suka fi ku ƙarfi. Ban ce ɓarayi ba ne. Doka kuka kafa ta biya daidai, kuka manta ba ku kafa ta amfani ba, duk wanda kayansa suka yi yawa kuwa zai baje su inda ya ga fili. Da kai ne jarinka ya bunƙasa, ina jin haka za ka yi.

Elinor Ostrom, mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki, a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin mutanen da ke tarayya a kan makiyaya da ruwan noma da wuraren kamun kifi. Cikin abin da ta gano a ƙungiyoyin da suka daɗe ba su watse ba akwai wannan: abin da mutum yake ɗiba yana tafiya da abin da yake bayarwa. Ta kawo misalin ƙauyen Törbel a duwatsun Suwizalan, inda tun 1517 aka rubuta cewa ba wanda zai kai shanu makiyayar gari fiye da adadin da zai iya ciyarwa a lokacin hunturu. Ba a hana mai shanu da yawa arzikinsa ba, an dai ɗaure rabonsa da ma'aunin da kowa ke gani. Su kuma masu ƙungiyar Rochdale a Ingila, wato masu sayayya da suka haɗa kai suka buɗe shagon tarayya, da suka fara a 1844, sun raba abin gida biyu: riba gwargwadon sayayyar mutum, ƙuri'a kuwa ɗaya ga kowa, komai kaurin aljihunsa. Abin da nake so ka kai wa mutanenka ke nan.

Sai maganar ƙauracewa, wadda na san ita ta fi ci maka rai. Ka tambayi kanka me ya sa sauran takwas, da suke cutuwa kamar yadda kake cutuwa, su ma suka juya maka baya. Ruwa ba ya tsami banza. Sau da yawa ƙarami yana karɓar kaya bashi a hannun babba, ko yana jingina da shi wajen samun masu saye. Mai irin wannan hali ba zai ɗaga hannu ya goyi bayanka a gaban wanda yake binsa kuɗi ba. Ƙauracewa kuma horo ne mai arha: ba wanda ya yanke shi a fili, ba wanda zai amsa laifinsa, ba ranar ƙarewarsa.

Masana sun gwada wannan da wasan zuba kuɗi a asusun tarayya. Ernst Fehr da Simon Gächter sun nuna cewa in babu horo, zubi yakan yi ta raguwa zagaye bayan zagaye, in aka ba da damar horon mai ƙin zubawa sai ya ƙaru. Amma wani binciken na 2008, da aka yi a birane 16, ya gano wuraren da ake juya horon a kan masu zubawa da gaskiya, kuma a can horon bai gyara haɗin kai sosai ba. Naku ya yi kama da wannan: wanda ya nuna yoyon shi aka kora waje.

To, me za ka yi? Ka ɗauki wata guda kana rubutawa: kwali ko buhu nawa kowa ke da shi a sito, sawu nawa motar ta yi wa kowa. Ba zargi, ba sunan banza, lambobi kawai. Gani ya kori ji. Daga nan ka bi takwas ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa a keɓe, domin abin da mutum ba zai faɗa a taro ba yakan faɗe shi ku biyu. Sannan ka sami wanda ya fi sauƙin kai cikin manyan uku, shi ma a gefe. Kuskurenka na farko, in ka yarda in faɗa, shi ne kunyata su a bainar jama'a. Ka nuna masa cewa in ku tara kuka janye, hayar sito da gyaran mota duka kansu za su koma.

Shawarar da za ku gabatar ta zama gajeriya, a rubuce: ɗan kuɗin zama mamba daidai ga kowa, saura kuma gwargwadon wurin da mutum ya ci da sawun da mota ta yi masa. Horo ya zama mataki-mataki, kamar yadda Ostrom ta gani a ƙungiyoyin da suka ɗore: gargaɗi, tara kaɗan, tara mai nauyi, dakatarwa. Kora ta zo ƙarshe, bayan an ji ta bakin mutum, a kuma mayar masa da hannun jarinsa.

In wata uku suka wuce ba a ko yarda a karanta takardar ba, ka duba abin da kuka rubuta tun farko game da rabonka a motar, ka nemi haƙƙinka da shaidu. Kada ka kwashe kayanka sai ka kama wani wurin, ko ƙarami ne, tare da mutum biyu ko uku cikin takwas ɗin nan.