Hotunan gidajen kwatance a rahoton ƙiyasi: amsa ga wani mai karatu daga Bauchi

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ina aiki a ofishin masu ƙiyasta darajar gidaje a Bauchi. Banki ya ba mu aikin kimanta wani gida a Fadaman Mada da za a jinginar don karɓar rance. Na nemo gidaje uku makamantansa da aka sayar domin kwatance. Na farko daga bakin titi na ɗauki hotonsa, sai mai gidan ya fito yana faɗa, har ya ce zai kai ni kotu. Na biyu hoton da wani dillali ya sa a Facebook na kwafo. Na uku ni na ɗauka da wayata a 2021, lokacin ina tsohon ofishina. Maigidana ya ce in haɗa rahoton in kawo ya sa hannu. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Akwai, amma ba inda ka fi jin tsoro take ba. Hankalinka na kan mutumin da ya yi maka faɗa, ni kuwa hoton 2021 ne ya fi damuna. Bari mu fara da mai sauƙin.

Wanda ya tsaya a titin gwamnati ya ɗauki katanga da get, abin da duk mai wucewa ke gani, bai yi kutse ba. Kutse a ƙarƙashin dokar hukunta laifuffuka, wato Penal Code, yana buƙatar shiga wurin da ke hannun wani da niyyar aikata laifi, ko tsorata shi, ko cin mutuncinsa, ko ɓata masa rai. Kai ko zaure ba ka taka ba. Sai dai sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa, saboda haka lamarin zai canja da zarar ka ɗaga waya saman katanga, ko ka hau benen maƙwabci ka hango tsakar gida. A garin da ake rubuta "ba shiga" a ƙofa, kuma kowa ya san ayar Suratun Nur da ta hana shiga gidan wani ba izini, fushin mai gidan ba abin mamaki ba ne. Gidan iyali ne, ya ga baƙo yana auna masa ƙofa da waya a wannan zamani na rashin tsaro. Da ni ne, zan koma tare da mai unguwa ko dillalin da ya sayar da gidan, in nuna katin aiki, in bayyana dalili. Ka kuma duba hoton da kyau: idan fuskar wani ta fito, ko lambar mota, ka rufe su, domin Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi duk bayanin da za a iya gane mutum da shi. Gidan da ke kusa da bariki irin Shadawanka kuwa, kada ka ɗaga waya sai ka nemi izini.

Hoton dillali yana da mai shi. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ɗauki wanda ya ɗauki hoto a matsayin mai haƙƙinsa, ba tare da ya yi rajista ba, kuma kariyar tana kai wa shekara 50. Sa hoto a Facebook bai mayar da shi na kowa ba. Ofishinku kuɗi zai karɓa a kan rahoton, don haka ba za ka fake da cewa amfanin kanka ka yi ba. Mai haƙƙin zai iya zuwa Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin irin wannan ƙara, ya nemi diyya da umarnin hana amfani. Gyaran ba shi da wuya. Izinin amfani kawai, wanda bai hana mai hoton ba wa wasu ba, ko da baki aka bayar ya inganta, amma ka nemi ya rubuto maka ta WhatsApp ka adana. Ka tambaye shi ko shi ya ɗauka, don dillalai na tura wa juna hotuna har a rasa asalinsu, kuma wanda ba nasa ba ne ba shi da izinin da zai bayar.

Yanzu ga na 2021. Ta fuskar mallaka, mai yiwuwa naka ne, domin tsohuwar doka da sabuwa duk sun bar haƙƙin ga wanda ya ɗauka sai in yarjejeniya ta ce akasin haka. Nemo takardar ɗaukarka aiki a tsohon ofishin ka karanta. Idan kuma hoton cikin gida ne da aka buɗe maka saboda aikin wancan lokacin, amana ce, ba ka da ikon kai shi teburin wani banki ba da yardar mai gidan ba.

Ko da duk wannan ya warware, sauran babbar magana. Hoto a rahoton ƙiyasi shaida ce. Ma'aikacin banki da ya gan shi zai ɗauka haka gidan yake lokacin da aka yi cinikin da kake kwatance da shi, kuma wani daga ofishinku ya je ya gani da idonsa. Daga 2021 zuwa yau damina nawa ta wuce? Ƙila iska ta yaye rufin an sake sabo, ƙila an fitar da shaguna a gaba, an haƙa rijiyar burtsatse, ko an zuba kwalta a layin. Kowanne yana taɓa farashi. Idan gidan an gyara shi kafin a sayar, kai kuma ka sa tsohon hotonsa kusa da sabon kuɗinsa, ka nuna wa banki cewa gida mai rauni yana kawo kuɗi mai yawa, darajar gidan jinginar ta kumbura ke nan. Ranar da mai rance ya kasa biya, aka sayar da gidan kuɗin bai kai ba, rahoton nan za a fara zarowa daga fayil. Banki zai iya ƙarar ofishinku kan sakaci, a kuma kai ƙorafin wanda ya sa hannu gaban ESVARBON, hukumar da dokar 1975 ta kafa don rajista da ladabtar da masu wannan sana'a. In aka tabbatar da gangan aka yi, magana ta tashi daga sakaci ta koma zamba. Rajistar maigidanka ce a kan takardar, amma kai za a tambaya inda hoton ya fito.

Shawarata, ka hau babur ka koma gidaje na biyu da na uku ka ɗauki sababbi, ka bar waya ta riƙe kwanan wata da wurin da aka ɗauka. Inda tsohon hoton ne ya fi nuna yadda gidan yake a lokacin cinikin, babu laifi ka sa shi tare da sabon, muddin ka rubuta a ƙarƙashin kowanne ranar ɗauka da wanda ya ɗauka. Inda aka hana ka ɗauka, rubuta haka ƙarara a rahoton ka bayyana gidan da kalmomi. Kafin maigidanka ya sa hannu, ka faɗa masa asalin hotunan uku, ka kuma tura masa a rubuce ka ajiye kwafi.