Ido Ne Ya Tsufa, Ko Na'ura?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Shekara bakwai ke nan da aka ɗauki hoton idona a wurin aikinmu, da shi nake buɗe ƙofa. Da can kallo ɗaya ya isa. Yanzu sai na ware ido sau biyu, sau uku kafin ta buɗe. Zanen idon ne ke sauyawa da shekaru? Daga wata mai karatu.

AMSA: Hajiya, kwantar da hankalinki, da wuya a ce zanen ne. Abin da na'urar ke karantawa shi ne zoben nan mai launi da ya kewaye ɗigon baƙin tsakiyar ido, kuma tun mutum yana ciki zanensa ke kafuwa. Dabarar John Daugman, masanin da ya koyar a Jami'ar Kambirij ta Ingila, tana mayar da shi lambobi 2,048, in bambancin hoton yau da na ajiya bai kai wajen kashi ɗaya cikin uku ba, sai ta ce ke ce. Da ita ya tabbatar a 2002 cewa Sharbat Gula ce yarinyar Afganistan mai koren ido da aka ɗauka hoto a 1984.

Sai dai masana sun yi ja-in-ja. Masu bincike a Jami'ar Notre Dame sun ga kuskure na ƙaruwa idan hoton ajiya ya daɗe. A 2013 NIST, hukumar kula da ma'auni ta Amurka, ta duba bayanan matafiya masu tsallaka iyakar Kanada, ta ce ba ta ga zanen na tsufa ba, ɗigon tsakiyar ne ke sauya girma.

Ni dai nan na fi karkata. Tsaya gaban madubi, ki haska tocila: ɗigon zai tsuke, zoben ya baje. Ki kashe, zoben ya tattare kamar labule. To, shekaru ma suna tsuke ɗigon, fatar ido ta ɗan sauko ta rufe saman zoben. Ga ƙura a gilashin kyamara, wadda ba mai tunawa ya goge.

Irin wannan kuskuren na hana mai ƙofa shiga ne, bai cika sa a buɗe wa baƙo ba.

Ki nemi a sake ɗaukar hoton, musamman in an yi miki aikin yanar ido. In kuma ganinki ma ya ragu, fara da likitan ido kafin mai gyaran na'ura.