Kasuwa da Sana'a: Na Gaji Gidan Burodi, Ma'aikata Sun Ƙi Sabon Tsari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu ne ya rasu bara ya bar mana gidan burodi a Tudun Wada, ma'aikata 14, da yake ni ne babba sai aka ɗora ni. Na karanta harkar kasuwanci a ABU, shi ne na kawo kwamfuta don lissafi, na ba direbobi POS, na buɗe guruf na WhatsApp masu shago su riƙa turo oda. Wata huɗu kenan wallahi ba abin da ya canza, burodin da ake dawo mana da shi ma ƙaruwa ya yi. Masu kwaɓi kan buhun fulawa ake biyansu, direbobi kan abin da suka loda, haka na tarar. Baba manaja kuwa ko kallon kwamfutar ba ya yi, littafinsa na aljihu. In sallame su in ɗauko matasa ne?
Wani mai karatu, Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam, Allah ya jiƙan mahaifinku. Ɗan'uwa kar ka sallami kowa tukuna, ai amsarka na cikin wasiƙarka. Mai kwaɓi ribarsa ya kwaɓa buhu da yawa ko ana so ko ba a so, direba ribarsa ya cika mota taf ya fita Samaru ko Kwangila, in burodin ya kwana ya dawo ba ruwansa, kai kaɗai ne a gidan nan asarar take faɗawa aljihunka. To ko 'yan digiri ka ɗauko ka biya su a haka, abin da za su yi kenan, kwamfutar kuma iyakarta ta rubuta maka asarar da kyakkyawan rubutu.

Nan za ka fara. Direba a biya shi kan abin da ya sayar, ka ɗan ɗaga masa kamasho don kar ya ga an rage masa abinci, masu kwaɓi kuma ka sa musu ɗan ihsani duk satin da abin da aka dawo da shi ya ragu. Ka gwada da mota ɗaya na wata guda, in sauran suka ga ɗan'uwansu yana tashi da kuɗi fiye da da, su da kansu za su zo.

Ka tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗin Emefiele, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, da takardar naira ta ɓace? Dattawan kasuwar Sabon Gari da suka rantse ba su ba taransifa, cikin 'yan makonni suka koya, ba wanda ya yi musu lacca, ciniki ne ya tsaya suka ga uwar bari. Direbobinka me POS ɗin nan ya ƙara musu banda sa ido?

Maganar Baba manaja kuwa, nan ka yi kuskure gaskiya, ka shigo da na'ura ba ka zauna da shi ba, shi a ganinsa cewa kake aikinsa na shekaru shirme ne. Alhali littafin nan ya san wane mai shayi ne ke biyan bashi ranar Juma'a, wane ne sai an bi shi har gida. Ka same shi a gida bayan magariba, ba a gaban yara ba, ka ce Baba koyo zan yi, sannan ka haɗa shi da yaro ɗaya da ya yarda da shi, yana faɗa yaron na shigarwa.

Kuma ka riƙa tambayar na ƙasa. A kamfanin Toyota na Japan, lebura na da ikon jan igiya ya tsayar da layin haɗa mota in ya ga matsala. Mai gashinka ya fi ka sanin me ke ƙona burodi, direba ya san ko ɗalibai ƙaramin burodi suke nema yanzu saboda tsada. Guruf ɗin WhatsApp ka bar shi, amma ka sa lokaci, misali duk oda ta shigo kafin isha'i, da ita za a auna buhu nawa za a kwaɓa gobe.