Shin Don Williams ne ya rubuta duk waƙoƙinsa?

Malam, ka tambaya ko Don Williams, mawaƙin nan na Amurka, da kansa ya rubuta duk waƙoƙin da ya rera. A'a, yawancin waɗanda suka yi tashe wasu ne suka rubuta masa. "You're My Best Friend" ta 1975, Wayland Holyfield ne mai ita. "Tulsa Time" ta 1978 kuwa Danny Flowers. Amma "Love Me Over Again" tasa ce.

Wannan bai rage masa komai ba a wurina. Haka aikin yake a Nashville, birnin Amurka da yake cibiyar irin waɗannan waƙoƙin: marubuta daban, mawaƙa daban. Shi gwanintarsa iya zaɓe, sai ya ɗora muryar nan tasa mai sanyi, waƙar ta zama tasa. In kana da tsohon kaset, duba takardar ciki. Sunan marubuci na nan da ƙananan baƙaƙe kusa da sunan waƙar.